Ƙissa Cikin Waƙa: Abin Da Ya Kamata Mu Ba Matasanmu Su Karanta Game Da So

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zukata, Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu tattauna wani al'amari da iyaye da malaman makarantun Islamiyya suka daɗe suna kuka a kansa, watau irin abin da samarinmu da 'yan matanmu suke karantawa game da soyayya. Za mu kafa misalinmu da garin Jibiya na Jihar Katsina, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, domin wani dalili da zai bayyana nan gaba.

Kukan da ake yi sananne ne. A da, yarinya takan ɓoye ɗan littafin soyayya a ƙarƙashin matashin kai. A yau littafin ya koma cikin waya, ana turo shi kashi kashi ta WhatsApp, ko kuwa wani ya karanta shi a YouTube ana saurare. A cikin labaran nan akwai masu kyau da ma'ana, kuma za mu zalunci marubuta idan muka yi musu kuɗin goro. Amma da yawa daga cikinsu ba su wuce saurayi mai mota, da budurwa mai kyau, da kishiya da boka ba. Wasu kuwa batsa ce tsagwaronta. Uba ya gani ya ƙwace wayar, bayan mako guda yarinya ta ari ta ƙawarta ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Hani kaɗai bai yi magani ba

Wannan muhawara ta girmi matasan da muke magana a kansu. A shekarar 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kansu a Kano, har abin ya zama babbar kasuwa, sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga kowane gida. Malamai suka yi wa'azi, jaridu suka cika da martani. A shekarar 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, wadda aikinta ya haɗa har da littattafai. A shekarar 2007 kuma aka tara wasu littattafan soyayya aka ƙona su a bainar jama'a a can Kano.

To, me ya biyo baya? Littafin takarda ya ragu, labarin ya ƙaura zuwa inda ashana ba ta kai masa. Dalili kuwa shi ne, mai shekara 15 ko 17 yana jin wani abu a zuciyarsa wanda bai taɓa ji ba, yana neman wanda zai gaya masa sunan abin. A gida kunya ta hana a yi masa bayani. A makaranta an koya masa hukuncin wanka da alwala, an tsallake wannan babi. Duk wanda ya fara yi masa magana a kan abin da ke ransa, shi zai saurara, ko mutumin kirki ne ko akasin haka. Hausawa sun ce ba a raba yaro da abin wasa sai an ba shi wani. Tambayar da ke gabanmu ita ce, wane abu za mu ba su?

Shari'a ba ta ƙyamar ambaton so

Kafin mu amsa, ya wajaba mu kawar da wani zato da ya yi yawa a cikin jama'a, cewa ambaton so a bakin malami zubar da girma ne. Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratur Rum aya ta 21, Ya ƙirga ƙauna da jinƙai tsakanin miji da mata a cikin ayoyin da ke nuna ikonSa. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, wa ya fi so a cikin mutane, sai ya ambaci A'isha, da aka ce a cikin maza fa, ya ambaci mahaifinta. Ya faɗi haka ne a fili ga wani sahabi namiji, bai ɗauke shi abin kunya ba. Bayan rasuwar Nana Hadiza kuma, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama, saboda tunawa da ita.

Dubi kuma ƙissar Barira da Mugisu da Bukhari ya ruwaito. Da aka 'yanta Barira, Shari'a ta ba ta zaɓi ko ta zauna da mijinta, wanda yake bawa ne, ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, bai tsawata masa ba. Ya tausaya masa, ya je ya roƙa masa ita. Ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. A cikin wannan gajeren labari akwai darasi biyu da matasanmu ke matuƙar bukata: mai so ba abin dariya ba ne, kuma so ba ya ba mutum ikon mallakar wanda ba ya son sa.

Malamai magabata sun fahimci haka. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekarar 456 ta Hijira, babban masanin fiƙihu da hadisi, ya wallafa Ɗauƙul Hamama, babi 30 a kan so da alamominsa da illolinsa, ya cika shi da waƙoƙinsa, ya rufe shi da bayanin munin saɓo da falalar kamun kai. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, a farkon littafinsa Raudatul Muhibbin ya tattara sunayen so kimanin 50 a harshen Larabci, ya yi sharhin kowane ɗaya. Waɗannan bayin Allah sun san cewa abin da ya cika zukatan mutane, idan malamai suka yi shiru a kansa, jahilai za su yi magana.

Game da waƙa kuwa, hukuncinta a wurin jumhurun malamai shi ne hukuncin magana: mai kyau halal ce, mummuna haram. Ƙarshen Suratush Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke yawo a kowane kwari suna faɗin abin da ba su aikatawa, sa'an nan ya togace waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Hassanu ɗan Sabitu ya rera waƙa a cikin masallacin Madina. Ka'abu ɗan Zuhairu, da ya zo neman afuwa bayan cin Makka, ya buɗe ƙasidarsa da ambaton wata mace da ta tafi ta bar shi cikin bege, bisa al'adar Larabawa, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya saurare shi har ƙarshe ya lulluɓa masa mayafinsa.

So iri iri ne

Babbar illar yawancin labaran da ake yaɗawa a yau ba ta tsaya ga batsa ba. Illar da ta fi wannan ɓoyuwa ita ce sun taƙaita so ga abu guda, watau abin da ke tsakanin saurayi da budurwa kafin ɗaurin aure. Yaron da ya tashi a kan wannan karatu zai zaci duk rayuwa ke nan. Ranar da wadda yake so ta auri wani, sai ya ga kamar duniya ta ƙare, alhali yana da uwa da ke tashi da asuba ta yi masa addu'a, da ƙane da ke kallon sa a matsayin abin koyi, da aboki da zai raba kwanon abinci da shi.

Harshenmu da kansa ya bambance. Muna da so, muna da ƙauna. Muna da bege, wanda ake yi wa na nesa, shi ya sa masu yabon Annabi suka riƙe kalmar. Muna da shauƙi, da shaƙuwa, da tausayi, da zumunci, da kara, da amana. Kowace kalma a cikin waɗannan tana da gidanta. Wanda bai san su ba sai guda ɗaya, kamar manomi ne da bai san wata shuka ba sai gero, ranar da gero ya ƙi, sai yunwa.

Duba Suratu Yusuf, wadda Allah da kanSa Ya siffanta ta da mafi kyawun labari. A cikin sura guda akwai son uba ga ɗansa, har Annabi Yakubu ya rasa ganinsa saboda baƙin ciki. Akwai kishin 'yan'uwa, wanda asalinsa kwaɗayin son mahaifi ne da ya karkace. Akwai son matar Azizu, wanda ya rinjayi hankalinta ya kai ta ga ƙazafi. Akwai son Allah da ya sa saurayi ya zaɓi kurkuku a kan saɓo. A ƙarshe akwai yafiyar ɗan'uwa ga waɗanda suka jefa shi rijiya. An ambaci sha'awa a cikin surar da sunanta, ba a ɓoye ta ba, amma an ajiye ta a gurbinta tsakanin sauran. Wannan shi ne ma'aunin da muke so marubutanmu su ɗauka. Sha'irin nan na Farisa, Abdurrahman Jami, ya mayar da ƙissar doguwar waƙa a birnin Herat a shekarar 1483, kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana karanta ta a ƙasashen Musulmi na gabas.

Gadon da muke da shi

Ba da labari cikin waƙa domin tarbiyyar matasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Wali Ɗan Marina, wanda ya rayu a ƙarni na 17, yana da waƙar Larabci mai suna Mazjaratul Fityan, wadda ya yi domin jan kunnen samari zuwa ga neman ilmi. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniyar Alfazazi. Ishiriniyar nan, da Burda ta Imam Busiri, har yau ana rera su a zaurukan malamai, musamman a watan Maulidi, kuma dukansu waƙoƙin so ne, son fiyayyen halitta. Akwai tsofaffi a garuruwanmu da ba su taɓa shiga aji ba, amma sun haddace su baiti bayan baiti.

A Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙa makaranta. Takan koya wa jajis waƙoƙinta, su kuma su shiga ƙauyuka su koya wa 'yan taru, mata tsofaffi da 'yan mata. Waƙar Gewaye labari ce cikin baitoci, tarihin hijirar Shehu da yaƙoƙinsa. Begore begen Annabi ce. Ta kuma yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Ga malama, 'yar Mujaddadi, tana bayyana ƙaunar ɗan'uwa da ta miji da ta ƙawa a cikin waƙa, kuma ba wanda ya ce ta zubar da mutunci. A zamanin da ya gabace mu kaɗan, Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya yi Infiraji, wadda almajirai da mabarata suka kai ta kowane lungu na ƙasar Hausa da baki kawai. A 1982 kuma an buga Dausayin Soyayya, tarin waƙoƙin soyayya da Bello Sa'id ya tsara.

Sai dai tun daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙagaggen labari a Hausa ya kama hanyar zube, waƙa kuma ta tsaya ga wa'azi da yabo da siyasa. Abin da muka rasa shi ne haɗa su biyun, watau ƙagaggen labari mai farko da ƙarshe, da mutane masu sunaye da halaye, wanda aka tsara shi a baitoci domin matasa.

Wasu sun riga mu

A Amurka da Ingila wannan fanni ya bunƙasa ƙwarai a shekarun baya bayan nan. Littafin Kwame Alexander mai suna The Crossover, labarin wasu tagwaye 'yan wasan ƙwallon kwando da mahaifinsu da ciwo ya ɗauke, ya ci lambar Newbery a 2015. Littafin Sarah Crossan mai suna One, labarin tagwaye mata da aka haifa a manne, ya ci lambar Carnegie a 2016. A 2019 Jasmine Warga ta fitar da Other Words for Home, labarin wata yarinya Musulma da ta bar Siriya tare da mahaifiyarta zuwa Amurka, ta baro uba da wa a baya. Dukansu waƙa ce daga farko har ƙarshe, ko da yake irin tasu ba ta lizimci amsa-amo ba. Abin lura shi ne, a cikin ukun nan son da ya riƙe labarin na jini ne, tsakanin uba da ɗa, da 'yan'uwa, da wanda ya bar gida da gidansa.

Ba muna cewa a kwaso duk abin da aka rubuta a can a ba 'ya'yanmu ba. A cikin littattafan wannan fanni akwai masu kiran wasu alaƙoƙi da sunan so, waɗanda Shari'armu ta haramta su ƙarara. Ƙwarya muke nuni da ita, nonon da za a zuba a ciki namu ne. Kuma idan an bi diddigi, ƙwaryar ma muna da irinta tun zamanin Nana Asma'u.

Me ya sa Jibiya?

Yanzu mu dawo ga garin da muka ambata. Jibiya da Maraɗi ƙasa ɗaya ce a tarihi. Bayan da jama'ar jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani, cikin yarjejeniyoyin da suka yi a 1898 da 1904 da 1906. Layin ya raba hukuma, amma auratayya da kasuwa da neman karatu sun ci gaba kamar da. Gidaje da yawa a Jibiya suna da kaka ko gwaggo ko suruki a Ɗan Isa ko Madarumfa ko Maraɗi.

Dubi abin da matashin wannan gari ya gani da idonsa cikin 'yan shekaru kaɗan. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta auka wa garin cikin dare, mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A cikin waɗannan shekaru kuma 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama na yankin, wasu mutanen suka shigo cikin gari, wasu suka tsallaka Nijar, aka sace mutane aka nemi fansa.

Wanda ya cika shekara 18 a Jibiya, ashe ya san rabuwa, ya san bege, ya san jiran labari. Amma idan ya buɗe waya, labarin da zai tarar na ɗan attajiri ne a Abuja ko Dubai. Ba ya ganin kansa a ciki, sai ya ɗauka rayuwarsa ba ta isa a rubuta ba. Alhali kuwa ga labarai nan zube a ƙofar gidansa. A ɗauki yarinyar da aka sa mata rana da ɗan gwaggonta na hayin iyaka, aka rufe hanya, wani mai kuɗi ya fito a gida, mahaifinta kuma bashi ya yi masa katutu. A ɗauki saurayin da ya tara kuɗin lefe shekara biyu, aka sace ƙanensa, ya zama dole ya zaɓa tsakanin aurensa da fansar ɗan'uwansa. A ɗauki magidancin da ke da ɗaki uku, ya sauki iyalin da bai taɓa sani ba a ɗaya, da yadda 'ya'yan gidan biyu suka fara da ƙyashi suka ƙare da shaƙuwa, abin da ke tuna mana da Ansaru da Muhajiruna. A ɗauki almajirin da ya zo karatu daga ƙasar Maraɗi, da matar malam da ta zame masa uwa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai so fiye da iri guda suna ja da juna, kuma a nan ne tarbiyya take shiga, domin mai karatu zai tambayi kansa, da ni ne, me zan yi?

Waƙa kuwa ta fi zube dacewa da irin wannan wuri. Na farko, da kunne take tafiya. Yaron Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci, da na Jibiya da ya yi boko, da almajirin da bai san wani rubutu ba sai ajami, da tsohuwar da ba ta karatu sam, duka za su ji ta daidai. Nijar ma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a shekarar 2025, saboda haka masu saurare suna nan a ɓangarorin biyu. Na biyu, ana haddace ta, abin da aka haddace kuwa yana zama da mutum har ranar da zai bukace shi. Na uku, waƙa ta san kunya. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa mahaifiyarta baki da baki ba, za ta iya rera shi tana daka, uwa kuma ta gane. 'Yan matanmu sun saba da haka tun a dandali, a waƙoƙin gaɗa, inda sukan faɗi ra'ayinsu game da auren dole da zaɓin miji ba tare da an kama sunan kowa ba.

Sharuɗɗan da za a kiyaye

Ga wanda Allah Ya ba baiwa yake so ya shiga wannan aiki, muna ba shi shawara da abubuwa kamar haka.

Kada ya siffanta jikin mace ko abin da ke tsakanin ma'aurata a ɗaki. Kada kuma ya yi waƙar bege ga wata sananniyar mace da ba matarsa ba, ko da bai kama suna ba, matuƙar mutanen gari za su gane ta, domin malamai sun hana wannan saboda tsare mutuncin 'ya'yan mutane. Kada ya fake da labari ya yi wa wani zambo. Sayyidina Umar ya tsare mawaƙi Huɗai'a saboda zambon da ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badru.

Ya faɗi gaskiya game da mutane. Idan ya sa jarumarsa ta zama waliyyiya wadda ba ta taɓa jin komi a ranta ba, 'yan mata za su ajiye littafin tun a shafi na biyu. A bar ta ta ji, ta yi kokawa da zuciyarta, ta yi kuskure ma idan labari ya kai ga haka, a nuna sakamakon, a bar ƙofar tuba a buɗe. Haka kuma kada a mayar da iyaye azzalumai kullum, kada kuma a wanke su kullum. Maliki da Bukhari sun ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizamu, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya warware auren. Labarin da zai sa uba ya tsaya ya saurari 'yarsa kafin ya karɓi sadaki, ya yi aikin da huɗuba goma ba lalle su yi ba.

Ya bar labari ya yi wa'azin da kansa. Idan kowane baiti uku sai an tsaya an ce ku ji tsoron Allah, an koma waƙar wa'azi, wadda muna da ita da yawa, kuma tana da nata muhalli. Sa'an nan ya koyi sana'ar. Ya san kari, ya san amsa-amo, ya san inda ƙwar biyu ta fi dacewa da gudun labari, da inda ƙwar biyar ta fi dacewa da tsayawa a yi tunani. Ya zauna da masu karatun Ishiriniya ya ji yadda baiti ke sauka a kunne. Kyakkyawar niyya ba ta gyara karyayyen baiti.

Kira ga masu hali

Muna kira ga malaman Islamiyyu na Jibiya da kewaye da su gwada abu mai sauƙi: a bikin saukar karatu ko walimar ƙarshen shekara, a ware lokaci ga ɗalibai su kawo gajeren labari cikin baitoci 30 ko 40, a kan uwa, ko ɗan'uwa, ko aboki, ko garin da aka baro, a ba wanda ya fi kyauta. Malamin Hausa na sakandare da malamin aruli na zaure su haɗu su duba aikin, kowa ya gyara ta fanninsa. Muna kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, da su dubi yiwuwar shirya gasa guda ga matasan ɓangarorin biyu. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, kuma kowa ya ga irin marubutan da ta fito da su. Abin da gasa ta yi wa zube za ta iya yi wa waƙa. Attajiran da Allah Ya buɗa musu ta hanyar kasuwancin iyakar nan, su sani ɗaukar nauyin buga littafi mai amfani ko naɗar sa a murya yana cikin ilmin da ake amfana da shi bayan mutuwa. Gidajen rediyo kuma su ba da fili.

Ga iyaye kuwa, kafin a ƙwace waya, a tambayi yaro me yake karantawa, kuma me ya burge shi a ciki. Sau da yawa amsar za ta nuna abin da ya rasa a gida.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya sanya ƙaunarSa da ta ManzonSa gaba da kowace ƙauna a zukatansu, Ya haɗa su da abokan zama nagari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Jibiya da kewayenta, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu cikin aminci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.